Fitilar Keken Nomau

A ƙauyen Kwarin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Matarsa Hansai ƙuli-ƙuli take yi, shi kuma ya kai kasuwar Laraba a kan keken da wansa Cindo ya ba shi aro. Kai, Nomau da keken nan! Da hularsa yake goge shi, ko akuya ya gani a hanya sai ya kaɗa mata ƙararrawa. Matsalar ɗaya ce: kasuwa ba ta watsewa sai bayan magariba, keken kuwa ba fitila. Ranar da wani mai babur ya kusa kwashe shi, Cindo ya zo a fusace ya ce, "Ka sa wa keken nan fitila yadda mutane za su gan ka, in ba haka ba in karɓe abina." Hankalin Nomau ya tashi, don bayan Hansai ba abin da yake so irin keken nan.

Wata rana ya sayo tocila mai ɗan karen haske, ya ɗaure ta da roba a hannun keke, ya juyo da bakinta tana haska fuskarsa. Ya taho cikin duhu yana washe baki. Matan da ke dawowa daga kasuwa suka hango kai ba jiki yana tafe a sama, suka watse suna salati. Shi kuwa gogan ko taku ɗaya ba ya gani a gabansa, sai ji aka yi tsundum a kududdufin bakin gari. Da aka tsamo shi, Cindo ya ce, "Wannan wane irin shirme ne?" Nomau yana matse riga ya ce, "Yaya, cewa ka yi a gan ni. Tambayi kowa, har giɓin haƙorina sun gani."

Wata rana Hansai ta tasa shi gaba zuwa wajen Sallau mai gyaran keke. Sallau ya juya tocilar ta kalli hanya, ya maƙala wata ƙaramar jar fitila mai ƙiftawa a ƙarƙashin sirdi. Ya ce, "Fara a gaba don ka ga hanya, ja a baya don mai mota ya gan ka. In duhu ya yi, kada ka kuskura ka fita ba jar nan." Ai kuwa da aka kira isha'i, Nomau ya ciro ta ya maƙala a wuyan rigarsa, ya shige sahun gaba. Ana ruku'u tana ƙiftawa, ana sujada tana ƙiftawa, har dariya ta ƙwace wa mutum huɗu, sai da suka sake salla. Liman ya ce, "Malam Nomau, mota ce ke bin ka har masallaci?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, to ai ga shi ba wadda ta buge ni." Labari ya kai wa Cindo, ya ce saura ɓarna ɗaya, keke ya koma gidansa.

Wata rana da damina, ruwa ya wuni yana zuba a ranar kasuwa. Cindo zai biyo motar albasa daga baya, sai ya ja kunnen ƙanensa, ya ce, "Hanya ta lalace. In ka ga rami, ka tsaya ka haska shi sosai." Nomau ya ce to. Yana isa kwalbatin da ke gangaren gari, ya tarar ruwa ya cinye rabin titi, ya bar wani wawakeken rami. Ya sauka, ya kafe keke a tsakiyar hanya, ya dallara wa ramin tocila. Wani mai tafiya a ƙafa ya ce, "Haba Nomau, ai ka gani, raɓa ta gefe ka tafi gida mana." Nomau ya ce, "Ba a ce in wuce ba, cewa aka yi in haska." Yayyafi na dukansa, ƙuli-ƙulin da ya rage ya jiƙe sharkaf, amma ko gezau.

Can sai ga motar albasa ta gangaro a guje, mutane maƙil a kan buhuna. Direba ya hango jan abu yana ƙiftawa a tsakiyar titi, ya taka burki da dukkan ƙarfinsa, ya diro yana zage-zage. Cindo ma ya diro, yana ganin keken ya ce, "Shi ke nan, yau na karɓe!" Sai idonsa ya bi hasken tocilar ya faɗa cikin ramin. Tsakanin tayar mota da bakinsa bai fi taku uku ba. Direba ya zauna daɓas a cikin taɓo yana salati, mata suka ɓarke da kuka.

Cindo ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gan shi nan? Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Nomau, keken nan naka ne halak malak."

Nomau ya turo ƙirji gaba, haƙora na kaɗawa don sanyi, ya ce, "Na gode, Yaya. To ramin fa, ya hasku haka, ko in ƙara?"