Yadda Za Ki Yi Wa Farcenki Ado Ki Tsere Wa Aikin Gidan Surukai

'Yar'uwa, in ke ce aka kai babban gida, inda turmi ke fara kuka tun zakara bai gama nashi ba, gyara zama. Na yi maki alkawari, muddin kika bi matakan nan yadda na jero su, tafin hannunki ya yi ban kwana da taɓarya, kuma babu mai kiran ki malalaciya a gaban idonki. Abin da za a faɗa a bayan idonki ba ya cikin alkawarin.

Ni ce Larai mai ƙunshi, ta bayan tashar Kankara. Ɗalibata Mansura ta gwada wannan ilimi daga farko har ƙarshe, kuma tana nan da ranta. 'Yar cikin garin Faskari ce, ta auri Mas'udu, autan Alhaji Barau na Damari. Da labarinta zan koyar da ke.

Mataki na 1: Ki san abin da kike gudu

Gidan Alhaji Barau gidan noma ne. Uwar gidan, Hajiya Baraka, ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma idonta ya san inda kowace tsintsiya ta kwana. Sai Hussaina, matar Lawwali wan Mas'udu, mace mai haƙuri da aiki kamar inji, ga ta da tsohon ciki.

Mansura kuwa a gidansu inji ke surfe, inji ke niƙa, ita nata ta kunna risho. Tana gama kwanakin amarci aka miƙo mata taɓarya. Kafin la'asar tafin hannunta ya yi bororo. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado tana kallon hannun, hawaye na ɗiga a kai. A nan Allah ya buɗe mata basira: duk ƙasar nan ba a aiken mace da ɗanyen lalle a hannu.

Rubuta wannan a zuciyarki. Sauran duk bayani ne.

Mataki na 2: Tara kayan aiki

Ba sai kin je shagon kwalliya ba. Ki nemi garin lalle mai laushi, lemun tsami, ɗan sukari, tsinken sakace, ashana, da salatif. Ki dama lallen ya yi kauri, kada ya zama koko.

Ado mafi sauƙi shi ne ɗige-ɗige: ki tsoma tsinke ki ɗiɗɗiga bisa farce kamar jikin zabuwa. Na biye da shi jinjirin wata: ki manna salatif a gindin farce, ki shafe sauran, in ya kama ki ɓare. Akwai mai gemu, wato ki shafa wa bakin farcen kawai ki bar jikin fari. Sai fure: ki ɗauki kan ashana ki yi ɗigo a tsakiya, ki kewaye shi da 'yan'uwansa. In furen ya fito kamar sawun kaza, ki ce sabon yayi ne daga Kaduna. Ba mai zuwa Kaduna ya tambayo.

Mataki na 3: Lokaci ya fi zane muhimmanci

Wawuya ce ke sa lalle bayan an gama aiki. Ke ki kasa kunne. Da kin ji ana jan buhun masara daga rumbu, ki tsoma tsinke.

Haka Mansura ta yi. Hajiya ta leƙo ƙofar ɗaki ta ce, "Ke ɗiyar nan, fito ki kama wa Hussaina surfe."

Mansura ta fito da hannuwa sama, murya a narke. "Wayyo Hajiya, yanzun nan na sa lalle. Da na sani da na bari."

Hajiya ta sunkuya ta duba. "Mi ne ne wannan? Akaifa kaɗai ake sa wa? Mu a zamaninmu hannun gaba ɗaya muke dunƙulewa mu zura cikin zunguru, kuma sai an gama tuwon dare."

"Yayi ne, Hajiya."

"Allah shi kyauta yayi," in ji Hajiya, ta juya.

Kuma kada ki kuskura ki yi hannu biyu rana ɗaya ki ƙarar da uzurinki. Yau dama, gobe hagu. Jibi ki ce na daman bai kama ba.

Mataki na 4: Iya riƙe hannu, iya riƙe ido

Ki ware yatsu, ki ɗaga su daidai kafaɗa kamar wadda aka tsayar a shingen bincike. Lokaci-lokaci ki hura masu iska, ki ɗan yi tsaki, ki ce, "Wannan lallen bai da saurin bushewa." Ki riƙa yi wa masu aiki sannu da yawa. Sannu ba ta sa bororo.

Amma idonki ki tsare shi. Wata rana Mansura na zaune a inuwar ɗorawa tana hura yatsu, sai ta ga Hussaina ta ajiye taɓarya, ta dafa ƙugu da hannu biyu, ta rufe ido tana numfashi da baki. Sannan ta sake ɗauka ta ci gaba. Ranar Mansura ta kasa cinye tuwonta, ta ce wai kanta ke ciwo.

Kuskure ne babba. Ruwa ba ya ɓata ado kamar yadda tausayi ke ɓata shi. In kin ji yana taso maki, ki kalli farcenki har ya wuce.

Mataki na 5: In babban aiki ya taso, ki fito da babban makami

Kaka ta yi. Alhaji ya kira gayyar karyar masara a gonarsa ta kusa da gari, tunda gonakin nesa yanzu sai a hankali saboda rashin tsaro. Maza cike da gona, har Liman ya ce zai leƙo ya sa albarka, kuma duk bakin nan daga gidan Alhaji za a ciyar da shi. Mansura ta ga ɗige-ɗige ba zai fitar da ita ba. Ta kira ni a waya tana raɗa, na aika mata farcen roba da gam ta hannun direban motar garin Sabuwa.

Tsaya in yi maki gargaɗi irin na malamai. Jan farce da farcen roba suna hana ruwan alwala shiga, don haka sai lokacin da kike fashin salla. Kuma kada ki ce za ki yi fashin salla sau biyu a wata. Surukarki ba ta yi boko ba, amma wannan lissafin ta fi ki iya shi.

Mansura ta yi sa'a lokacin ya dace. Ana gobe gayya ta manna su zaro-zaro, ruwan hoda, kowanne da farin fure. Ta kasa ɗaura zani sai da haƙori, ta kasa sosa kunne, amma da ta miƙa hannu gaban madubi ta ji kamar ta koma Faskari.

Mataki na 6: Ki ji tsoron surukar da ta fara yabon ki

Da safe maza suka fita gona. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kira Mansura, ta kama hannunta tana jujjuyawa.

"Ikon Allah. Ɗiyar nan, ashe haka Allah ya yi maki basira muna zaune da ke ba mu sani ba? Wannan furen ke kika zana?"

"Ni ce, Hajiya." Ƙarya ce, da furensu suka zo, amma kanta ya riga ya kumbura.

"To ni ba ni son na roba. Ɗauko lallenki ki yi mani mai ɗigon nan. Ki yi wa Hussaina ma, rabon ta da ƙunshi tun bikinta."

Mansura ta ruga ta damo lalle. Ta zage ta nuna gwaninta: ɗige-ɗige ga Hajiya hannu biyu, fure ga Hussaina hannu biyu, har ta ƙara masu da yatsun ƙafa ba wanda ya roƙe ta. Tana ɗaga kai daga ɗan yatsan ƙarshe, Hajiya ta jingina da bango, ta ware yatsu daidai kafaɗa, ta hura masu iska.

"Wannan lallen bai da saurin bushewa," in ji Hajiya. "To kin ga mu hannu ya jiƙe. Gari na cikin buhu, kuɓewa na cikin kwalla, ga busasshen kifi can rataye. Da azahar masu gayya ke cin abinci."

Hussaina ta yunƙura za ta tashi. Hajiya ko kallon ta ba ta yi ba ta ce, "Koma ki zauna. Yarinya ta ɓata lokacinta ta yi maki fure, ki je ki goge shi a gindin murhu?"

Mansura ta dubi tukunyar gayya, wadda in ta shiga ciki ta tsuguna ba za a ga kanta ba. Duk gidan hannunta ne kaɗai busasshe.

Mataki na 7: In dole ta kama ki, ki yi da zuciya ɗaya

Ta hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido. Ta yi talge, ta kama muciya da tafin hannu tana kare farce, muciyar na kufcewa. Daga tabarma Hussaina ke jefo mata magana ƙasa-ƙasa: "Rage wuta. Zuba garin kaɗan-kaɗan. Jawo daga gefe, kada ki bar ƙasan." Da tuwon ya fara nauyi Mansura ta manta da wani fure, ta taka gindin tukunya da ƙafa, ta tuƙa har kafaɗunta na rawa. Ta kaɗa miya, ta kwashe, ta malmala da zafinsa. Tuwo ya fito sumul, ba gudaji ko ɗaya. Lawwali ya zo da babur ya ɗaure kwanuka ya tafi.

Ta zauna wanke hannu tana jin wani daɗi da ba ta san da shi ba. Sai ta ga manuninta na dama tsirara. Ta juya hagu, ƙaramin yatsa ma tsirara.

Ta tona toka. Ta kife turmi. Ta girgiza zani. Hussaina ta ga yadda fuskarta ta koma, ta taso ba ta bi ta kan Hajiya ba, ta zura hannu cikin ruwan wanke-wanke tana lalube, furenta duk ya narke.

"Yaya Hussaina, na shiga uku," in ji Mansura. "Liman na wurin. In aka tsinci farce a tuwon Baba gaban mutane, da wane ido zan ƙara fita gidan nan? Har Faskari sai labarin ya je."

"Yi shiru. Wataƙila wuta ta cinye su."

Su duka biyun sun san wuta ba ta cinye su ba.

Mataki na 8: Tun farko ki auri mai saurin haɗiya

Bayan la'asar Mas'udu ya shigo ɗaki jiki duk ƙaiƙayin masara. Ya zauna, ya daɗe yana kallon ta, yana shafa maƙogwaro.

"Miƙo hannunki in gani."

Ta ɓoye su a bayanta.

"Ina tsakanin Baba da Liman," in ji shi. "Na kai loma, na ji abu ya tokare mani dasashi. Na lalubo shi da harshe, na ji santsinsa, na gane naki ne. In na tofar, kowa ya gani. Sai na yi bisimilla ta biyu na tura shi. Allah ya taimake ni miyar kuɓewa ce."

Mansura ta fashe da kuka, rabi kunya, rabi wani abu da ya fi kunya daɗi. Ya ce ta share hawaye, magana ta wuce, ta wuce ciki ma.

Ta ɗago ta ce, "Guda nawa ka haɗiye?"

"Kamar ya guda nawa?"

Ta fito da hannuwan ta nuna mashi yatsu biyu.

Kafin ya buɗe baki suka ji gyaran muryar Alhaji a tsakar gida. Dattijo ba ya magana da matar ɗansa kai tsaye, don haka da Hajiya yake, amma da muryar da za ta isa kowane ɗaki.

"Hajiya, a faɗa wa yarinyar nan tuwo ya yi. Liman har ƙari ya nema. Sai dai gaba a riƙa kankare wa kifi ɓawo kafin a sa a miya." Aka ji ya ajiye wani ɗan abu bisa turmi, ƙas. "Kifin zamani, ɓawonsa har fure gare shi."

Ya sa takalmi ya fita masallaci. Hajiya ta riƙe dariyarta har ya kai zaure, sannan ta sake ta, tana buga cinya da hannu mai ɗige-ɗige.

Da yamma Mansura ta jiƙa yatsu a ruwan ɗumi, Hussaina na ɓamɓare mata sauran ɗaya bayan ɗaya, suna dariya suna share ido. Washegari Hussaina ta fito ta tarar an riga ta ɗaukar taɓarya, kuma ba a mayar mata da ita ba har ta haihu ta yi arba'in. Bororon ya fashe, ya warke, ya zama kanta. A wurina wannan faɗuwa jarrabawa ce, kuma na faɗa mata a waya. Ta ce in yi haƙuri tana kan tuƙi, za ta kira ni.

Sanarwa

Ni Larai, lalle nake sayarwa, ba zaman aure ba. Duk wadda ta bi matakan nan surukarta ta fi ta wayo, ko gam ya ci amanarta a bakin tukunya, ko tausayi ya kama ta ta koma macen kirki, ita ta jiyo, kada a turo mani kowa bayan tasha. Ba ni da hannu a ciwon cikin kowane magidanci, kuma ba ni biyan jiƙon kanwa. Wadda ta san mijinta mai tauna abinci ne a hankali yana bincike, don Allah ta tsaya a lalle.