Injin Miyar Wiebe

"Babu ɗigon tawadar da ke sauka a takarda a ƙasar nan ban san da zamansa ba!" Da haka Wiebe Hoekstra ke buɗe hira kullum, yana murza gashin bakinsa. Abokina, in ka ji shi sai ka rantse shi ya ƙirƙiro firinta, alhali aikinsa a kamfanin firintar shi ne liƙe bakin kwali.

Bana kogin ƙauyenmu ya daskare bayan dogon jira, kowa ya kakkaɓe takalman sulu na zamiya a kan ƙanƙara. Ranar kuma kwamiti zai naɗa sabon sarkin ƙanƙara, mai auna kaurinta ya ba jama'a izinin hawa. Wiebe ya daɗe yana mutuwar son wannan kujera, sai ya ce yau zai nuna musu ƙwaƙwalwa.

Matarsa Tjitske ke da rumfar miyar wake a tsakiyar ƙanƙarar, miyar da cokali ke tsayawa ƙyam a cikinta. Sai ga gogan naka ya turo murhun gas da murfi mai bututu.

"Ajiye ludayin nan, uwargida! A cikin firinta akwai ɗan ɗakin tawada mai murhu da 'yar ƙofa. Murhu ya yi zafi farat ɗaya, tawada ta tafasa, kumfa ya taso ya tunkuɗo ɗigo guda waje. Ni girma kawai na ƙara masa. Kowane ɗigo, kwano ɗaya!"

"Maigida, a kan ƙanƙara za ka dasa wannan wutar?"

"Wa ya fi ni sanin ƙanƙara?"

Ya ɗaure murfin tam a kan tukunyarta, ya kunna. Baba Douwe, shugaban kwamiti, ya tara kwanonsa a bakin bututu. Shiru. Ashe murhun firinta kafin ƙiftawar ido yake gama aikinsa, na Wiebe kuwa ko ɗumi bai fara ba.

"Injiniya, ɗigon yana hanya ne?" in ji Baba Douwe.

"Lissafi yake yi, Baba."

Ya ƙara wuta. Ƙauri ya tashi, miya ta kama. Wani guntun nama ya zo ya toshe bututun. Sarkin ƙwaƙwalwa ya zura yatsa, ya ƙone, ya yi tsalle yana yarfe hannu, sannan ya ce ai haka ake gwada zafi a kamfani. Ya aro murhu na biyu ya jera kusa da na farko.

Jama'a suka fara ja da baya, don ruwa ya kwanta a ƙarƙashin tukunya. Ni kaina na ce, "Wiebe, dubi ƙafarka."

"Jahilci! Ku dai ku zuba ido, yanzu ɗigon zai fita!"

Ƙanƙara ta ce ƙaras. Rami ya buɗe, zagayayye kamar faranti. Tukunya ta nutse, murhun biyu suka bi ta, kumfa ya taso ɓul-ɓul, Wiebe kuma ya zurma tsulum har wuya.

Tjitske ta ɗora hannu a ka. "Wayyo! Ku fara tsamo tukunyata, shi ya iya ruwa!"

Da tsani muka jawo shi, haƙoransa na kaɗawa, yana tambayar ko kwamiti ya yanke shawara. Wallahi har ya ba ni tausayi.

Baba Douwe ya dubi kwanonsa wayam, ya dubi ramin. "Kujera dai ka rasa ta, ɗana. Amma injinka ya yi aiki: ga zafi, ga kumfa, ga ƙofa, ga ɗigo guda ya faɗa. Ban dai taɓa ganin ɗigo mai gashin baki ba."