Yadda Za Ka Tsare Jelar Dawisunka Daga Masu Ƙuri'a

Ka sayi dawisu? Madalla, ka shiga sahun manya. Bi matakan nan daki-daki, ni kuma na lamunce maka tsuntsunka zai tsufa da jelarsa. Ban taɓa kiwon ko kaza ba, amma katangata ɗaya da Alhaji Datti na Tarai, kuma a kan idona aka yi komai.

Shi Datti kansila ya nema, shekarun da siyasa ta dawo. Ya je gidan wani babba a Kano, ya ga dawisu yana taƙama a tsakar gida, sai ya ƙudurta a ransa cewa abin da ya raba shi da kujera ke nan. Ya sayar da bijiminsa ya sayo ɗaya.

1. Gina masa rumfa, ba akurki ba

Dawisu ba ya kwana a ƙasa kamar agwagwa. Ka yi rumfa mai tsayi, ka gitta masa azara a sama, ka kewaye da waya saboda muzuru da tunku. Datti har sabon kwano ya rufa, alhali ɗakin matarsa Hajiya Barira yana yoyo tun daminar bara. In maiɗakinka ta yi ƙorafi, kada ka ce mata ai ita ba ta da jela. Datti ya faɗa, kuma ranar nan da yunwa ya kwana.

2. Kada ka kafa ta a ƙofar gida

Nan Datti ya ɓata rawarsa da tsalle. Wai mene ne amfanin ado in ba a gani ba? Ya kafa rumfar dab da zaure, inda kowa ke wucewa. Waya tana hana muzuru, amma ba ta hana mai katin zaɓe.

3. Koyi cewa a'a

Malam Ramalan mai makarantar allo ne ya fara zuwa bayan la'asar. Ya daɗe yana kallon tsuntsun.

"Tabarakallah. Alhaji, a taimaka mini da gashi ɗaya mana, in riƙa yin alama a Alƙur'ani."

Wa zai hana malami? Da hannunsa Datti ya tsige ya miƙa. Washegari sai ga ladan. Bayansa mai unguwa, sai shugabar mata, wadda ta ce ita uku take so. Kowa ya zo da roƙo a baki, kati a aljihu, kuma maganar ɗaya ce: "Alhaji, ka ba wane, ni za ka hana?"

Barira ta leƙa ta ce, "Alhaji, tsuntsun nan fa ya kusa komawa zabo."

"Ke dai bari. Kowane gashi ƙuri'a ce."

4. Kula da lafiyarsa

Ka zuba masa toka ya yi birgima saboda ƙwarƙwata, ka sauya ruwa kullum. In ya daina cin dawa, kira malamin dabbobi. Datti ya kira ɗaya daga Rano. Mutumin ya ɗaga abin da ya saura na jela, ya ga fata ta yi ja.

"Ba shi da cuta, Alhaji. A daina figarsa kawai."

Likitan da bai rubuta magani ba, ai bai gama makaranta ba. Datti ya ce sammun Isiyaku ne, abokin takararsa. Ya ɗura wa tsuntsu kafson ja-da-yalo, ya shafe masa ƙugu da man shanun da Fanta mai nono ta kawo daga ruga. Ita ce ta tafi da gashin ƙarshe.

5. Tuna cewa mutanen mazaɓa sun fi gashin jela yawa

Wannan ilimi ne mai zurfi, ba kowa Allah ya ba shi ba. Waɗanda suka zo a makare suka tarar da wayam, suka koma suna cewa Datti ya fara wariya tun bai hau kujera ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ga bijimi ya tafi, ga jela ta tafi. Tsuntsu ya rame, shi ma ya rame.

6. Ranar zaɓe ka kulle rumfa

Aka zo fidda gwani, ƙato bayan ƙato, a filin firamare. Datti ya tsaya da babbar rigarsa ta shadda. Waɗanda ba su sami gashi ba suka bi Isiyaku don haushi. Waɗanda suka samu ma suka bi shi, har shugabar mata tana fifita da nata ukun.

"Malam, har da kai?" in ji Datti.

"Alhaji, na yi tunani ne," in ji Malam Ramalan. "Wanda ya fige tsuntsunsa da rai, mu yaya zai yi da mu?"

Datti ya waiwaya. Barira ce kaɗai a bayansa, sai dawisu tsirara da ya biyo ta, don ita ke ba shi dawa. Jami'in zaɓe ya zo ya ce, "Ɗaya."

"Biyu ne, duba da kyau," in ji Datti.

"Alhaji, talotalo ba ya zaɓe."

A kula: in ka bi shawarwarin nan ka rasa jela, ko kujera, ko tuwon dare, ba ruwana, ban san ka ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mai ƙorafi ya je wajen Hajiya Barira. Tana sabon ɗakinta mai rufin kwanon rumfa, dawisu yana kwance a gindin gadonta, jela ta fara tsirowa, kuma ko Datti sai ya yi sallama kafin ya gan shi.