Lambar Mama Ladi

Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da na yi wa Mama Ladi, wajen ƙarshen shekarun casa'in, a wata makarantar koyon kwamfuta a Kafanchan inda nake aiki. Kwas na mako uku kacal na yi a Kaduna, amma na dawo ina hura hanci, har da sa a kira ni Injiniya.

Kwamfutocinmu takwas da ke haɗe da juna ta waya suka fara yin nawa wajen aiki. Na ce wa mai makarantar, Oga Chidi, ya sha kuruminsa, ina da manhajar da ke kama duk saƙon da ke yawo a wayar, ta nuna lambar kwamfutar da ya fito. Tana da wani ɗan akwati na tacewa: lambar da ka rubuta ciki, ita kaɗai za ka gani. Da safe na gwada da lambar mai buga mana takardu, Mama Ladi, don ita ce kusa da ni. Sai na manta ban goge ba.

Da rana na tara kowa (ni da son a kalle ni!). Na buɗe manhajar: layi bayan layi, lambarta ce.

"Ga mai toshe mana hanya," na ce.

"Ɗana, ni wasiƙa kawai na buga," in ji ta. "Yesu ya sani ban taɓa komai ba."

Oga ya ce ta je gida tukuna. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta kalli kowa ba.

Washegari nawar na nan. Na buɗe manhajar a gaban Oga, allon fayau, tunda kwamfutarta a kashe take. A nan idona ya faɗa kan akwatin. Ina gogewa, sai ga lamba ɗaya ta cika allon. Tawa ce.

"Injiniya, wannan lamba na wane ne?" in ji Oga.

Da ƙyar na amsa.

Ran Asabar na hau acaɓa har gidan Mama Ladi a Fadan Kaje. Ta ba ni kujera da ruwa, ta saurare ni tsaf.

"Na yafe," ta ce. "Amma a gaban mutane ka kira ni mai laifi, haƙuri kuma ka kawo bayan gida. Ba zan koma ba."

Ba ta koma ɗin ba, kuma har yau abin na ci mini rai. Yanzu kafin in gaskata abin da na'ura ta nuna mini, sai na duba abin da ni da hannuna na ce ta ɓoye.