Wakilin Shara

"Gajiya kam babu, sai dai ta ganin fuskarka," in ji Hajiya Shamsiyya. "Ina ka baro tsintsiyar?"

"Ina gajiya nake ce miki, kuyanga. Ki amsa kamar 'yar mutane," in ji Ilu.

Ina durƙushe a gindin akwatin kifinta ina warware tiyo lokacin da Ilu ya shigo, cikin sabuwar shadda da ta sha sitati, da leda cike da ruwa a hannu. Ni Garba ne, mai yankan gilashi a Ƙofar Na'isa. Ni na haɗa mata akwatin, ni kuma nake zuwa gidanta a Sheshe ina sake masa ruwa, don bayanta ya daina ɗaukar bokiti. Ilu taubashinta ne, mahaifiyarsa da mahaifinta ciki ɗaya. Dukansu sun yi jikoki, amma har yau ba su gama shari'ar wane ne bawan wani ba. Duk ranar cika-ciki sai ta aika masa ya zo ya yi mata shara, shi kuma ya zo ya ce haraji ya zo karɓa. Ba shara, ba haraji, sai surutu. Wannan ita ce cika-cikin farko bayan da sojoji suka koma bariki, garin kuwa kowa ya zama mai jawabi.

Kifayenta biyu ne, diskos, waɗanda 'yan unguwa ke kira 'yan faifai saboda faɗinsu. Ta daɗe tana wahala da su. In sun yi ƙwai, ko su cinye ko ya ruɓe. Sai a wannan satin Allah ya sa suka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su fi ƙwayar gero ba, suna manne a jikin iyayen suna tsotsar yauƙin fatarsu. Ita ta gaya mini wannan yauƙin shi ne nononsu, in babu shi ba za su yi kwana biyu ba. Saboda su ta saki labule, ta hana jikoki shiga falo, ni ma ta ce in ɗebi ruwa kaɗan, kada in yi tari kusa.

Ilu ya ɗaga ledar. A ciki akwai wani kifi baƙi-baƙi, kamar ƙurungu ya sa sulke, bakinsa a ƙasa kamar murfin kwalba.

"Me ye wannan? Ƙaninka ne ka kawo mana gaisuwa?" in ji Hajiya.

"Wakilina ne. Yanzu mulkin farar hula ake, babban mutum ba ya yin aiki da hannunsa, wakili yake turawa. Shara kike so? Ga mai shara."

Ya ce a Sabon Gari ya samo shi, sunansa fileko, mai shagon ya rantse masa ba ya barin gansakuka a gilashi. Ba ya hutu, ba ya yajin aiki, ba ya neman ƙarin albashi. Hajiya ta ce ta san fileko tun kafin Ilu ya san hanyar Sabon Gari, kuma irin wannan babban ba a haɗa shi da diskos, balle masu jego. Ƙananan masu gemu a hanci ne ake haɗawa, su ma sai an yaye 'ya'ya. Ta ce ya ajiye abinsa a baho.

"Baho? Zaɓaɓɓen wakili a baho? Kin ga halin mulkin soja bai sake ki ba."

"Wa ya zaɓe shi?"

"Ni, da gagarumin rinjaye."

"To ku biyun ku je ku yi majalisa a tsakar gida. Kun ma fi kama da juna, ga baki a ƙasa, ga ido a tukunya."

Ya ce ai idonsa ba zai bar tukunya ba yau, tunda wutsiyar ragon layya da ta ɓoye tun Sallah haƙƙin ubangida ce. Ta ce bawa dai ƙashi ake ba shi, shi ma in ya yi ladabi. Ta tashi duba miya, ta ja mini kunne in kula. Ni ma na fita zubar da bokiti a magudana. Ban daɗe ba. Da na dawo na tarar da Ilu ya harɗe a kujera yana ninke ledar, babu kowa a cikinta.

Na ce masa bai kyauta ba. Ya ce in kwantar da hankalina, an rantsar da wakili, ya kama aiki. Na leƙa. Wakili ya shige bayan wani kututture ya lafe, ko gilashin bai kalla ba. Na san irinsa, na yi aiki da mutane da yawa haka.

Hajiya ta dawo da tire. Ina shirin buɗe baki in gaya mata sai aka ɗauke wuta. Fitilar akwatin ta mutu, ga labule a sake, falon ya yi duhu da rana tsaka. Ta laluba ta kunna ɗan injin iska mai batir, suka ci gaba da hira. Ilu yana ta lissafa abin da zai yi in ya zama kansila: zai sa wa Sheshe famfo mai fitar da kunun aya, ya naɗa ta shugabar masu wanke masa hula. Ita kuwa ta ce ranar da ya tsaya takara ko matarsa sai an ba ta sabulu kafin ta zaɓe shi. Ni ina tsaye da tocila, ina jiran su yi numfashi in faɗi abin da ke bakina. Ba su yi ba. Sai kawai na haska akwatin.

Wakili ya fito, ashe duhu yake jira. Yana manne a gefen uwar, ya kafa baki yana tsotsa. Tana juyi tana neman kakkaɓe shi, 'ya'yan sun watse kamar an zubar da gero.

Hajiya ba ta yi ihu ba. Ta ajiye ludayi, muryarta ta sauka.

"Ilu, ka ga nonon jarirai yake sha."

Shi ma dariyar ta bar fuskarsa. Na zura raga, kifin ya saki uwar ya koma ƙarƙashin kututture. Na sake kai raga, ƙayar bayansa ta sarƙe ta yaga ta. Hajiya ta ce kada a ɗaga kututturen da ƙarfi, 'ya'yan sun ɓuya a gefensa. Sai dai hannu. Nawa duk kaushi da ƙurar gilashi, ta ce ba zai shiga ruwan ba. Muka dubi Ilu.

"Shaddar nan jiya aka karɓo ta daga tela," in ji shi.

"Wanke hannu, ban da sabulu."

Ya wanke. Ya naɗe hannun riga, amma sitati bai yarda ba, ya zame ya faɗa ruwa har kafaɗa. Na riƙe masa tocila, ita tana nuna masa hanya a hankali: dama, ƙasa, tsaya, ga ɗa nan. Ya lallaɓa ya danne kifin a kusurwa, ya ɗago shi yana fisge-fisge, ƙaya ta soke shi a babban yatsa. Bai saki ba sai da ya kai shi baho. Wannan kam na ba shi.

Ruwan ya gurɓace da dattin da aka tayar, dole a zuƙe ƙasan akwatin. Na miƙa hannu zan ɗauki tiyo, Hajiya ta ce in huta, yau akwai ma'aikaci. Ta nuna masa yadda ake tsotsar bakin tiyo har ruwa ya taho. Ya tsotsa da ƙarfin mai jawabi, ya cika baki. Ya tofar a bokiti, ya ce ko miyarta ta fi wannan daɗi, amma da kaɗan. Haka ya durƙusa yana bin kusurwa-kusurwa da tiyo, tana cewa ya bar can, ya koma nan, har ƙasan ya fito fes.

Muka tsaya muna kallo. Uwar ta tsaya a tsakiya, da ɗan farin tabo a gefenta. Uban ya matso kusa da ita, jikinsa ya yi duhu. Can sai ga ɗa guda ya fito ya manne masa. Sai wani. Kafin a jima duk sun dawo sun lulluɓe su biyun. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin murhu ne.

"Malam Garba, kai ne shaida," ta ce. "Wa ya yi shara a gidan nan yau?"

Na ce wanda na gani da tiyo a hannu.

"Maguɗi ne," in ji Ilu, yana matse hannun riga. "Zan ɗaukaka ƙara."

Ta janyo tire, ta tsamo wutsiyar ragon gaba ɗaya ta ɗora masa a kwano, ta tura gabansa. Ta ce ga kuɗin shara, tunda ta ga shara da idonta. Fileko kuma ya tafi da abinsa, Garba zai yanka masa ƙaramin akwati, ita za ta ɗauki nauyi, ya riƙa kallon ɗan'uwansa kullum.

Ilu ya dubi kwanon, ya dubi baho.

"Shi fa wakilin, ba a ba shi kasonsa?"

"Wakili ai ya ci nasa tun kafin ya fara aiki."

Ya tuntsire da dariya har ruwan hannun rigarsa na ɗiga cikin miya. Ya ɗaga yatsan da aka soka sama kamar mai rantsuwa.

"Na ji. Bana ni ne bawa. Miƙo yaji, uwargijiyata."