Nomau da Zanen Gonaki Ɗari Huɗu

A ƙauyen Rafin Gawo akwai wani bawan Allah, Nomau, manomin albasa. Shi da matarsa Lantana suna zaune gida ɗaya da yayansa Malam Sallau, sakataren ƙungiyar masu noman rani. Nomau ba ya ƙarya, ba ya musu. Abin da ka faɗa masa, shi zai yi maka cif, ko da kai ba haka kake nufi ba.

Malam Sallau ya zana gonakin ƙungiya duka ɗari huɗu a kwamfutar ofishinsu, kowace da layin ruwanta da hoton mai ita. Saura gona ɗaya a can ƙarshe ba a ja mata layi ba, ta Nomau. Nan zane ya cije. A ja maus, ɗan abin nan na motsa kibiya, a ja, kibiyar da ke kan allo ko gezau. Ga jami'in rabon ruwa zai zo ran Alhamis, kuma gonar da ba ta da layi ba ta da ruwa bana.

Wata rana Malam Sallau zai tafi ɗaurin aure, ya ce, "Sa wa kibiyar nan ido. In wani abu ya motsa, kira ni." Nomau ya zauna ya ƙura ido tun hantsi, ko furar da Lantana ta kawo bai duba ba. Can sai ga shi a guje, ya keta taro ana tsakiyar Fatiha. "Yaya, ya motsa!" Malam Sallau ya biyo shi takalmi a hannu. Ashe ƙuda ne ya sauka a kan allon ya yi tafiyarsa.

Wata rana kuma Malam Sallau ya ce, "Ƙila dauɗa ce. Tsabtace min maus ɗin nan tas." Kayya! Nomau ya kai shi bakin rijiya, ya sa soso da sabulu, ya ɗauraye sau uku, ya rataye shi a igiyar shanya kusa da zanin Lantana. Sai da aka aro na hedimasta. Shi ma da aka jona, kibiya ta ƙi motsi. "To ka gani, Yaya," in ji Nomau, "namu ma ya fi nasu tsabta."

Wata rana Malam Sallau ya kira mai gyara a birni. Yana riƙe da waya ya juyo ya ce, "Wai a kashe komai a sake kunnawa." Kafin ya rufe baki Nomau ya fice. Ya kashe fanka, ya kashe rediyon mai shayi, ya kashe injin niƙa mata na layi, ya shiga gida ya sheƙa wa murhun Lantana ruwa. Ranar sai bayan la'asar aka ci tuwo, kuma kibiya tana nan inda take.

Ran Alhamis ofishin ya cika maƙil da manoma, kowa na leƙen hotonsa. Malam Sallau, ransa a ɓace saboda gonar ƙaninsa, ya miƙe zai taro jami'in a tasha. Ya ce, "Nomau, kada in dawo in ga fuskar kowa a ɗakin nan."

Nomau ya kora manoma waje, har da masu furfura. Ya juyo, sai ga fuskoki ɗari huɗu a kan allo suna kallonsa. Oh ni! Sai ya tuna al'adar yayansa: in zai yi salla a ofis, yakan danna wani maɓalli hotunan su ɓuya, don ba ya salla da hoto a gabansa, yana sallamewa ya mayar da su. Nomau ya danna. Fuskoki suka ɓace, saura layuka kawai. Ya ɗan yi tunani, ya jawo buhun albasa ya kifa a kansa, ya zauna a lungu.

Malam Sallau ya shigo da jami'i yana ta ba da haƙuri. Ya taɓa maus don ya nuna masa matsalar, sai kibiya ta zura kamar an sako akuya. Jami'in ya yi dariya ya ce, "Ai hotunan ne suka yi wa zanen nauyi. Wa ya yi muku wannan dabara?" Malam Sallau ya yi maza ya ja layi tun daga babbar hanyar ruwa har gonar Nomau. Daɗi ya kama shi.

Daga cikin buhu aka ce, "Yaya, in dawo da fuskata?"

"Dawo da ita," in ji Malam Sallau, "ka je ka buɗe wa albasarka ruwa."