Babi Na Biyar A Kaskon Baffa Subhi

Duk garin Damanhur na ƙasar Masar babu kamar Ustaz Rif'at, Ƙaisar na Tarihi. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya ga dacewar hakan, ya kuma buga a allon da ya rufe rabin benen kasuwa. Sauran malamai suna koyar da abin da ya wuce. Ƙaisar ya fi ƙarfin wannan, shi abin da zai zo a jarrabawa yake koyarwa.

Tahani tana cikin 'yan ajin ƙarshe da ke cika zaurensa da yamma. Lauya take son zama, maki ɗaya kuwa yana iya rufe mata ƙofar.

Ran nan Ƙaisar ya shigo da kiɗa, ya ɗaga littafi sama.

"'Ya'yana, babi na biyar, haƙa mashigin ruwan Suwais, ba zai fito ba! Ni da masu tsara tambayoyi numfashinmu ɗaya. Ku yage shi! Wanda ya bar shi, ya zagi gemuna."

Ba shi da gemu, amma aka yage. Aka tara takardun, aka kai wa Baffa Subhi mai ƙosai ya riƙa ƙunshi.

Tahani ma ta yage nata. Kakarta ta sha gaya mata cewa kakan kakansu yana cikin waɗanda aka tasa ƙeyarsu zuwa haƙan nan, bai dawo ba. Washegari ta buɗe ƙunshin karin kumallo, sai ga shafin babi na biyar, ma'aikatan mashigin sun yi sharkaf da mai.

"Baffa, gobe ka ƙunsa mini da shafin da ke biye."

"'Yar nan, ƙosai kike saye ko makaranta? To barkono fa, a kan Faransawa zan zuba ko a kan Turawan Ingila?"

Haka ta karanta babin, loma ɗaya layi ɗaya.

Ranar jarrabawa, babi na biyar ya fito da ƙwansa da kwarkwatarsa. 'Yan mata suka fito suna kuka, iyaye suka nufi zauren Ƙaisar, suka tarar ya tafi "taron masana" a gidan surukarsa.

Da sakamako ya fito, Tahani ta samu gurbinta. Sai ga Ƙaisar ya bayyana da sabuwar kwat.

"Gwaji ne na yi musu! Tarihi ba ya zuwa wa rago, nemansa ake yi. Wannan yarinya ita kaɗai ta fahimci tsarina."

Ya buga takardun talla tuli, hotonsa ya cinye shafin, sunanta a ƙasa kamar ƙuda. Ba wanda ya karɓa.

Da safen da za ta tafi jami'a, Baffa Subhi ya miƙa mata ƙunshi. Ga Ƙaisar a jikin takardar yana murmushi, mai na tsattsafowa ta goshinsa.

"Gaskiya mutumin nan yana da amfani," in ji Baffa. "Ban taɓa samun takarda mai shan mai kamarsa ba."